Wa ke cinye masarar jihar Iowa?

Tambaya: Malam, ni manomin masara ne a Saminaka. Na ji an ce jihar Iowa ta Amurka, mai mutum miliyan 3 da ɗoriya, ta fi Najeriya gaba ɗaya noma masara. Da gaske ne? To wa ke cinye ta?

Amsa: Da gaske ne, Malam, har ta ninka mu fiye da sau huɗu. A shekarar da damina ta yi kyau, hekta ɗaya a can tana ba da kusan tan 12, wato buhu 120 na kilo 100. Kai da ka san abin da gonarka ke bayarwa, sai ka auna.

Sirrin farko ƙasa ce. Jihar tana shimfiɗe tsakanin kogin Mississippi a gabas da Missouri a yamma. Dubban shekaru dogayen ciyayi suna tsirowa suna ruɓewa a wurin ba mai nomewa, har suka bar baƙar ƙasa mai kauri, wadda in ka damƙa za ta dunƙule a hannunka. Da ma wurin na 'yan asali ne, irin su Sauk da Meskwaki. Amurka ta sayi yankin daga Faransa a 1803, bayan yaƙin 1832 da sojan Amurka suka yi da Black Hawk, wani jagoran Sauk, aka tura masu ƙasar gefe, Turawa suka kwararo, ta zama jiha a 1846. Arewacinta fadama ce mai riƙe ruwa, sai da suka binne bututai a ƙarƙashin gonaki suna tsane ta.

Na biyu iri. A 1926 Henry Wallace ya kafa kamfanin irin masara mai aure a Des Moines, babban birnin jihar. Sauran kuwa taki ne da tarakta da tallafin gwamnati, wanda ba a cika faɗa ba in ana yabon manomin Amurka.

Amma fa ba tuwo ake yi da ita ba. Kaso mafi tsoka yana tafiya masana'antun itanol, man da ake gaurayawa da fetur. Mai bi masa abincin dabbobi ne: aladun jihar sun haura miliyan 20, ga kajin ƙwai birjik. Mota da dabba ke cinye ta.

Kada ka ɗauka babu kuka. A shekarun 1980 bashin banki ya raba iyalai da yawa da gonakin gado, manya suka haɗiye ƙanana. Takin da ruwa ke wankewa kuma yana gurɓata kogunan da Des Moines ke sha.

Af, in ka taɓa ganin gonar gwaji ta Sasakawa, shirin koya wa manoma dabarun noma, a Kaduna ko Kano, to akwai hannun ɗan Iowa a ciki: Norman Borlaug, masanin aikin gona wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1970, yana cikin waɗanda suka assasa shirin.