Amsa ga ɗana a kan kogin Wudil da haƙƙin masu ruwa

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso ni nan gida Kano, kuma na yi farin ciki da jin cewa ka fara karatu lafiya a jami'ar Wudil. Ka ce kafin ka tafi kakarka ta ja maka kunne cewa kada ka kuskura ka shiga kogi, ko ka hau jirgin fito, sai ka tambayi masu ruwa, wato masunta da masu fito, kuma idan sun hana ka, ka hanu ko da ba su faɗi dalili ba. Ka ce abokanka sun yi maka dariya, wai wannan camfin mutanen da ne, shi ya sa kake so ka san asalin al'adar, da kuma ko ta dace da wanda ya yi karatun addini da na zamani. Zan amsa maka da tsawo, domin ba za ka gane maganar ba sai ka san yadda garin ya rayu da wannan kogi.

Ruwan da kake gani a ƙarƙashin gadar Wudil haɗuwar koguna biyu ne. Kogin Kano yana gangarowa daga kudu, kogin Challawa kuma daga yamma, su haɗu kafin su iso Wudil, daga nan ruwan ya nufi Ringim da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, abin da ya saura ya bi ƙasar Yobe zuwa Tafkin Chadi. Duk wanda ya fito daga birnin Kano zai yi gabas, ko Gaya ya nufa, ko Dutse, ko Birnin Kudu, ko Azare da Fataskum har Maiduguri, hanyarsa mafi sauƙi ita ce ya ƙetare a Wudil. Wannan shi ne ya raya garin. Inda matafiya ke tsayawa dole, nan mai abinci yake kafa rumfa, nan fatoma yake buɗe gidan saukar baƙi, nan mai dabba yake samun mai saye.

Ta fuskar sarauta kuwa, ƙasar Wudil ta Jobawa ce, zuriyar Malam Bakatsine, wanda yana cikin malaman Fulanin da suka jagoranci jihadi a ƙasar Kano a farkon ƙarni na 19, kuma mazauninsu na asali yana Utai, kusa da Wudil. A gidansu sarautar Makama take, kuma Makama yana cikin mutum huɗu masu zaɓen Sarkin Kano, tare da Madaki da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903 aka umarci hakimai su bar birni su koma zama a cikin gundumominsu, ta haka Wudil ta zama mazaunin Makama. Na kawo maka wannan ne don ka san cewa a tsarinmu na gargajiya babu sana'ar da aka bari ba shugaba. Mahauta suna da Sarkin Fawa, maƙera suna da Sarkin Maƙera, masunta da masu fito su ma suna da nasu, wanda a yawancin garuruwan Hausa ake kira Sarkin Ruwa, kuma shi ne zai amsa tambaya a gaban hakimi idan wani abu ya faru a kogi.

Abin da samarin yanzu ba su sani ba shi ne, kogin da muka tashi muka gani ba irin na yau ba ne. A da ruwan na damina ne. Da zarar an shiga tsakiyar rani sai ya janye ya bar fili na yashi fari, mutane su taka da ƙafa, jakuna su bi da kaya, sai gurabe masu zurfi nan da can waɗanda ba sa ƙafewa. Idan damina ta kankama kuwa, musamman a watan Agusta, sai ya cika ya batse, ya zo ja da laka, yana ɗauke da itatuwa da shuci, wani lokaci har da dabbobin da ya kwaso. Ruwan zai iya ƙaruwa cikin dare alhali ba a yi ko yayyafi a Wudil ba, saboda an tafka shi can kudu. A irin wannan lokaci mutum ba ya ƙetarewa sai ta hannun masu fito. Dattawanmu sun ba mu labarin zamanin da ake fito da gora, a zuba kayan matafiyi a cikin babbar ƙwarya, shi kuma ya rungume ta, mai fito yana iyo yana tura shi. Mu jirgin katako muka tarar, mai fito yana tsaye a baya da doguwar gwangwala yana dogara ta a ƙasa, inda ta kasa taɓo ƙasa kuma ya koma ga filafili.

Ka lura da yadda gwanin mai fito yake aiki idan ka samu dama. Ba ya nufar tsallake kai tsaye. Sai ya fara haurawa sama da gefen gaɓa, inda ruwa ba shi da ƙarfi, sannan ya saki jirgin a karkace, igiyar ruwa ta gangaro da shi daidai mashigin da yake so. Kafin ya tashi zai dubi yadda mutane suka zauna, ya ce wannan ya koma can, wancan ya sauke buhunsa ƙasa, mai akuya ya ɗaure mata ƙafa, kuma kowa ya zauna kada wanda ya miƙe. Idan ya ce jirgi ya cika, to ya cika, ko da kai kana ganin akwai wurin zama, domin shi bakin jirgin yake kallo da tazarar da ta rage tsakaninsa da ruwa. Ya san inda yashi yake zurmawa, ya san inda ruwa yake juyi, ya san gurbin da ya ƙaura daga inda yake bara. Wannan sani ba a rubuce yake ba, gado ne da yaro yake koya tun yana ɗan shekara bakwai a gaban jirgin ubansa. To idan irin wannan mutum ya ce maka kada ka shiga nan, bai zama dole ya tsaya yi maka bayani ba, kuma sau da yawa shi kansa ba zai iya fassara abin da idonsa ya gani ba. Shi ya sa Hausawa suka ce da ɗan gari akan ci gari.

Ba zan ɓoye maka cewa akwai camfi a cikin harkar ruwa ba. Akwai masu cewa wani gurbi yana da iskoki, akwai masu jefa wani abu a ruwa wai don a ba su hanya, akwai masu ɗaura layu suna cewa ruwa ba ya cin su. Wannan malamanmu sun daɗe da yin magana a kansa, kuma ni ban yarda da shi ba, ban kuma yarda ka kusance shi ba. Musulmi idan zai hau jirgi bisimilla yake yi, ya karanta addu'ar da Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi lokacin shiga jirginsa, wadda take cikin Suratu Hud, ya dogara ga Allah. Amma ka rarrabe tsakanin labarin da aka rataya wa wuri da gaskiyar da ta sa aka rataya shi. Sau da yawa gurbin da aka ce yana da mutanen ɓoye, idan ka bincika, za ka tarar wuri ne mai zurfi da ya taɓa cin rayuka, iyaye kuma suka ga tsoro ya fi saurin shiga kunnen yaro a kan bayani. Ka bar labarin iskokin, amma kada ka shiga gurbin. Abokanka da suke dariya sun haɗa biyun sun zubar, kuma a nan ne suka yi kuskure mai haɗari.

Za ka iya cewa ai yanzu akwai gada, an kuma mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye, mota tana tashi daga Mariri ta bi ta Gano ta isa Wudil cikin ƙasa da awa guda, me ya rage na fito? Gaskiya ne gada ta ɗauke babban aikin, kuma alheri ce babba, domin a da mara lafiya da mai naƙuda duk sai sun jira ruwa ya sauka. Sai dai mutanen ƙauyukan da ke nesa da gada, da manoman da gonakinsu ke tsallake, har gobe jirgi suke hawa. Abu na biyu, wanda ya fi muhimmanci gare ka, shi ne kogin ya sauya hali. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka faro a zamanin Gwamna Audu Bako, sannan aka gama ta Challawa da ke ƙasar Ƙaraye a 1992, ruwan ya daina bin damina da rani kaɗai, ya koma bin yadda aka sako shi. Yanzu akwai ruwa duk shekara, abin da ya ba mutane damar noman rani na tumatir da albasa da alkama da shinkafa, amma kuma yana iya ƙaruwa a ranar da sama take tas babu ko gajimare. Ga kuma masu haƙar yashi, waɗanda tifofi ke ɗiba daga wurinsu ana kawowa gine-ginen birni. Inda suka haƙa yakan bar rami a ƙarƙashin ruwa, mutum yana tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya ya ji babu ƙasa. Wanda ya san inda ramukan nan suke shi ne wanda yake wuni a wurin. Saboda haka ni a ganina buƙatar tambayar masu ruwa ta ƙaru ne a zamaninku.

Ka tuna abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen watan Nuwamba na 2021, lokacin da jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari da mutanen da suka taso daga ƙauyen Badau, akasarinsu yara 'yan makarantar Islamiyya, aka rasa rayuka da dama. Allah ya jiƙansu da rahama. Abin da aka fi ambata a lokacin shi ne lodi fiye da kima. Wannan yana nuna maka cewa al'adar tana da fuska biyu. Fasinja ya ji maganar mai jirgi, shi kuma mai jirgi ya ji tsoron Allah, kada kwaɗayin kuɗin mutum biyar ya sa ya ɗauki abin da jirginsa ba zai iya ba. A tsarin da, shugaban masu ruwa yana da ikon hana mutum fito idan an san shi da ganganci. Don haka girmamawar da nake ce ka yi musu ba ta hana ka amfani da idonka. Idan ka ga an cika jirgi har ruwa yana lasar baki, ka sauka ka jira na gaba, idan kuma akwai rigar kariya ka sa ta ba tare da jin kunya ba.

Akwai kuma ɓangaren zaman tare, wanda shi ne ya fi ba ni sha'awa a rayuwar bakin kogi. A inda na sani, mai fito ba ya barin mutum a gaɓa don ba shi da kuɗi, musamman tsoho ko almajiri ko masu rakiyar gawa, sai ya ce a shiga, Allah ya ba da lada. Idan wani ya nutse, masunta ne suke barin taru da birgi da mamari su faɗa ruwa nema, ba sa tambayar ɗan wane ne, ba sa kuma komawa gida sai an samu. Mutanen gari su kuma suna rama wa da mutuntawa, ba a yi wa mai fito ciniki irin na kasuwa, ba a kuma yi masa tsawa. Da kaka manomi zai aika masa da damin dawa, shi kuma ranar da ya yi kamu ya aiko da tarwaɗa ko karfasa. Haka nan lokacin su, wato kamun kifi na gayya, ba wanda yake riga jama'a shiga gurbin da aka hana, sai ranar da aka sanar, kowa ya fito da komarsa da gorarsa. Hikimar hanin ita ce kifi ya samu ya girma, kuma rabon ya isa ga kowa.

Ranar Juma'a ka daure ka shiga kasuwa, ka zaga kara, domin tana cikin manyan kasuwannin shanu na ƙasar nan. Za ka ga Fulani da dillalai da fatake masu lodin tirela zuwa Kudu, za ka ji ana taya ana cewa albarka har a kai ga sallamawa, dillali ya karɓi la'adarsa. Baƙo ba ya sayen dabba a can sai ta hannun wanda ya san mai ita, saboda idan ta fito cewa dabbar ta sata ce, dillalin ne zai tsaya. Ka ga ashe ƙa'idar ɗaya ce da ta bakin ruwa, kowane fage yana da masu shi waɗanda suke ɗaukar alhakin abin da ya faru a cikinsa.

Ku ɗalibai baƙi ne a garin. Jami'arku ta fara aiki a 2001, aka sauya mata suna zuwa na Aliko Ɗangote a 2022, ga kuma makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda, duka sun kawo wa Wudil mutane daga kowace kusurwa ta Najeriya, sun kawo ciniki da gidajen haya. Amma garin ya girme su nesa ba kusa ba, kuma mutanensa suna lura da wanda ya zo da ladabi. Idan ka je bakin kogi, ka yi sallama ga waɗanda ka tarar, ka gaishe da babbansu, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka. Kada ka taka taru da aka shanya, kada ka hau jirgin da aka ɗaure ba da izini ba, kada ka ɗauki hoton mata masu wanki, kada kuma ka yi wanka a mashigin da mutane ke ɗiban ruwa. Idan kana son koyon iyo, ka nemi ɗaya daga cikin masuntan ya nuna maka wurin da ya dace da lokacin da ya dace, ka kuma ba shi ɗan abin goro. Bayan magariba kuwa, ko da wa kake tare, kada ka shiga ruwan.

Idan ka zo hutu ka tsaya wajen masu suya a bakin gada ka sayo wa kakarka kifi, ka kuma zauna ka tambaye ta yadda aka ƙetare da ita a jirgi lokacin da aka kawo ta gidan miji, domin ta fi ni sanin wannan zamanin. Ka gaishe mini da abokan karatunka. Allah ya yi maka albarka, ya ba da sa'ar karatu.

Baffanka.