Wata uku ya ishi karfasa, me ya sa shekara talatin ba ta ishi kifin Kanada ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni masunci ne a tafkin Lagdo da ke arewacin Kamaru, su gadona ne kaka da kakanni. Na ji a rediyo wai a ƙasar Kanada an taɓa hana kamun wani kifin teku fiye da shekara talatin saboda ya ƙare. Abin ya ɗaure mini kai. Mu nan in an rufe ruwa na wata uku da damina, da an buɗe sai ka ga karfasa ta dawo. Yaya kifi zai ƙare a teku duk girmanta? Kuma wa ya nutsa ya ƙirga har ya san ya ƙare?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne. Kifin ana ce masa kod, yana zaune a ruwan sanyi na arewacin tekun Atilantika. Ranar 2 ga Yulin 1992 ministan kamun kifi na Kanada, John Crosbie, ya sanar da rufe kamunsa a gabashin tsibirin Newfoundland. Mutum wajen dubu 30 suka wayi gari ba sana'a. An ce musu shekara biyu za a yi, amma sai a 2024 aka sake buɗe kamun kasuwanci, shi ma tan dubu 18 kacal, a ruwan da aka kwashi kusan tan dubu 800 a shekarar 1968 kaɗai.

Bari mu fara da jikin kifin, don a nan bambancin yake. Kifi ba ya ɗumama jininsa kamar ni da kai, zafin ruwan da yake ciki shi ne zafin jikinsa. Ruwan Binuwai da na Tafkin Chadi ɗumi gare shi, saboda haka karfasa tana ci tana girma da wuri, kafin ta cika shekara ta fara haihuwa, kuma takan maimaita a shekara guda. Ka fi ni sanin yadda uwar ke riƙe ƙwai da 'ya'ya a baki tana tsaronsu. Shi kuwa kod, ruwansa wani lokaci kaɗan ya rage ya daskare. Komai nasa a hankali yake tafiya. A can arewa sai ya kai shekara biyar zuwa bakwai kafin ya fara zuba ƙwai, in an bar shi kuma yakan wuce shekara 20. Wanda ya kama shi yana ɗan shekara huɗu, ya kama kifin da bai taɓa haihuwa ba. A yi haka shekara goma a jere, ka ga an cinye iri.

Babbar macen kod tana zuba ƙwai miliyoyi, sai dai ba ta renonsu, ruwa take sakar wa. Kusan duka mutuwa suke yi. Ɗan kifin da ya ƙyanƙyashe yana da 'yan kwanaki ne kawai na neman abinci, abincin nan kuwa ƙananan halittu ne da ke yaɗuwa idan sanyin hunturu ya wuce rana ta dawo. In ƙyanƙyasa ta zo daidai da yaɗuwarsu, an dace. In an saɓa, 'ya'yan wannan shekara sun tafi. Masanin Norway, Johan Hjort, shi ya fito da wannan fili a 1914. Ya duba ɓawon dubban kifin herin, ya tarar yawancin abin da masunta ke kamawa shekara da shekaru, haihuwar shekara ɗaya ce tak, wato 1904. Kafin nan mutane suna zaton kifi ƙaura yake yi in ya yi wuya. Ashe shekara ce ke yin albarka, wata kuma ta zo fayau, kamar dai damina a gona.

To, batun ƙirga. Ba wanda ke ƙirga kifi ɗaya bayan ɗaya. A cikin kan kowane kifi, har tarwaɗar da ke cikin kwale-kwalenka, akwai wasu 'yan tsakuwa farare a wajen kunne. In an yanka tsakuwar aka sa a madubin ƙara girma, za a ga zobe-zobe kamar na kututturen itace. A ruwan sanyi zoben yana fitowa tsaf, domin kifin yana girma da bazara ya tsaya da hunturu, kowace shekara ta bar tambarinta. Masu bincike sukan je bakin ruwa inda ake sauke kifi, su auna tsawo da nauyi, su ciri tsakuwa. Daga nan a san cikin kamun bana nawa ne 'yan shekara uku, nawa ne 'yan shekara takwas. In ka bi haihuwar shekara ɗaya kana ganin yadda take raguwa har ta ɓace, za ka iya komawa baya da lissafi ka gano yawanta tun farko. Ban da wannan, jirgin bincike yakan fita kowace shekara a lokaci guda, da koma iri guda, ya ja a wuraren da aka zaɓa tun kafin a tashi, ko da kifi ko babu. Akwai kuma na'urar da ke aika sauti ƙarƙashin ruwa ta saurari dawowarsa, ta nuna kaurin garken kifi. Ƙasashen arewacin Turai sun haɗa kai kan wannan aiki tun 1902, lokacin da suka kafa majalisar binciken teku ta ICES a Copenhagen.

Za ka ce, da duk wannan ilimi ina aka kwana har kifin ya ƙare? Wannan shi ne wurin da ya fi ci mini rai, kuma shi nake so ka riƙe. Kod kifin garke ne. Da yawansa ya ragu, sauran sai suka riƙa taruwa wuri guda. Manyan jirage masu na'ura suna zuwa kai tsaye kan garken, komarsu ta cika maƙil kamar kullum. Masu lissafi suka dogara ƙwarai da alƙaluman waɗannan jirage, suka ɗauka kifi na nan da yawa. Su kuwa ƙananan masunta na bakin gaɓa, irinka, tun cikin shekarun 1980 suke kuka: kifi ya ragu, wanda ake samu ma ƙanana ne. Ba a ɗauki maganarsu da nauyi ba. Sai a 1989 aka yarda cewa an zuzuta yawan kifin, kuma ko a lokacin gwamnati ba ta rage kamu yadda masana suka nema ba, don tsoron rufe masana'antu. Shekara uku bayan haka aka rufe komai. Cikar koma ba shaida ba ce cewa ruwa na da kifi. Mai yiwuwa na ƙarshen ne suka taru.

Bayan rufewar ma bai farfaɗo da wuri ba, saboda manyan mata da suka fi yawan ƙwai da ingancinsa sun ƙare, ruwan ya yi sanyi fiye da kima a farkon shekarun 1990, ɗan kifin kafelin da kod ke ci shi ma ya yi ƙasa.

A ɗaya gefen tekun labarin ya ɗan bambanta. Kod na tekun Barents, wanda ke gangarowa tsibiran Lofoten na ƙasar Norway daga Janairu zuwa Afrilu don zuba ƙwai, Norway da Rasha ne ke raba shi. Tun tsakiyar shekarun 1970 suke da hukuma ɗaya da ke zama ta yanka adadin da za a kama, ko lokacin da ba sa ga maciji a siyasa. A 1987 Norway ta haramta zubar da kod a teku bayan an kama shi, don a san ainihin abin da aka kashe. In aka ga ƙananan kifi sun yi yawa a kamun wani yanki, rufe yankin ake yi nan take. A 2013 adadin da aka yarda a kama ya kai tan miliyan ɗaya. Daga baya haihuwa ta yi rauni, sai suka riƙa rage adadin shekara bayan shekara, masunta na ƙorafi amma ana ragewa. A ganina wannan shi ne kiwon ruwa na gaskiya.

Yanzu mu dawo gida. Kada saurin karfasa ya ruɗe mu. Giwan ruwa ba ta da wannan saurin, sai ta yi shekaru kafin ta haihu, kuma manyan galibi mata ne. Ka tambayi dattawan da suka zo Lagdo bayan an gama dam a 1982 irin girman da suke kamawa, ka gwada da na yau. Ka dubi idon komar da ake sakawa yanzu, har da gidan sauro a wasu wurare. Masunci yana matse idon koma ne idan manya sun yi wuya, buhu ya ci gaba da cika, shi kuma ya ce kifi na nan. Abin da ya ruɗi Kanada ke nan, sai dai namu a ƙaramin ruwa.

Mu kuma ambaliya ce ke yi mana abin da ƙarshen hunturu ke yi musu. Da aka gina dam ɗin Maga a can arewacin Kamaru a 1979, ruwan da ke malala fadamun kogin Logon ya ragu, kifin da ke haihuwa cikin ciyawa ya ragu tare da shi, har sai da aka sake buɗe wa ruwa hanya a 1994. Don haka rufe ruwa da damina yana da tushe, lokacin haihuwa ne, ina roƙonka ka tsaya a kansa ko da wasu na satar shiga da dare.

Karanta shekaru a tsakuwar kifinmu ya fi wuya, tun da ba mu da hunturu mai tsananin da zai zana zobe sosai. Amma tsawo kowa na iya aunawa. Ku sami sanda mai ma'auni da littafi ɗaya ku ajiye wajen Sarkin Ruwa. Duk ranar kasuwa a ɗebi kifi 50 daga jirage daban-daban ba tare da zaɓe ba, a rubuta irinsa, tsawonsa, idon komar da ta kama shi, da awa nawa aka yi a ruwa. A buɗe cikin wasu a ga ko sun taɓa yin ƙwai. Bayan damina uku ku jera shafukan ku duba. In tsawon yana sauka alhali awannin aiki suna hawa, ku ɗauki littafin ku kai wa jami'an kamun kifi a Garwa.