Amsa kan kalmar "far" da wuraren da take kayar da mutane

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa malami ya soke maka "The market is two kilometres far" alhali "far" nisa take nufi, sannan kana son sanin bambancin "so far" da "by far".

Ma'anar da ka ba ta daidai ce, mazauninta ne ka kuskure. "Far" ba ta bin adadi. Da zarar ka ambaci kilomita ko mil, "away" ake sawa: "two kilometres away". Tushen kuskuren Hausarmu ce, domin mun saba cewa "nisan kilomita 2", sai hannu ya ɗauko nisan ya liƙa a ƙarshen jimla.

Akwai kuma abin da ba a cika koyarwa a aji ba. Bature ya fi sakin "far" ita kaɗai a tambaya ko korewa: "How far is the station?", "It isn't far." In zai ce wuri da nisa, "It's a long way" ta fi zuwa bakinsa. Amma in "too" ta gabace ta, babu laifi: "It's too far to walk", wato ba wurin zuwa a ƙafa ba ne.

"So far" kuwa lokaci take aunawa, ma'anarta zuwa yanzu, kuma ta fi zama da "have" ko "has". Mai shago zai ce "We have sold 40 bags so far", ana nan ana ci gaba da ciniki ke nan. Ita "by far" fifiko take nunawa, kuma Hausa na da ita cif: nesa ba kusa ba. "By far the cheapest" shi ne wanda ya fi duka arha nesa ba kusa ba. In abu biyu kake gwadawa, ka ce "far cheaper". Kada ka yarda ka rubuta "very cheaper", wannan na cin maki a WAEC.

Sauran masu sauƙi ne. "As far as I know" a iya sanina, "you have gone too far" ka wuce gona da iri. Ka dai lura da "far from ready", babu wani wuri a ciki, cewa ake ko kusa ba a shirya ba. Batun "farther" da "further" kuma, waɗanda ake sawa in ana cewa wuri ya fi wani nisa, a Amurka an fi ware ta farko ga nisan hanya, a Ingila "further" na ɗaukar duka. In ƙari ake nufi, kamar "further information", to "further" ce kaɗai.

Wadda na fi so ka kiyaye ita ce "How far?" ta gaisuwa. Wannan Turancin Buroka ne na Najeriya, daidai da "ya ake ciki?", kuma tsakanin abokai ras take. In ka faɗa wa mutumin Landan, shiru zai yi yana jiran ka ambaci wurin. A wasiƙar ofis, maimakon "How far with the report?", rubuta "How is the report coming along?"