Amsa kan shanun da ke sake neman bijimi a bazara

Wa alaikumus salam ɗan'uwa na wajen Ringim. Ka ce shanunka ruwa biyu ne, Firiziyan (shanun madara na Turai) da Bunaji, an yi musu barbara a Afrilu, bayan mako uku suka sake neman bijimi, shi ne kake zargin bijimin. Kada ka yi saurin kai shi kasuwa tukuna. Sau da yawa cikin ya shiga, ɗan tayin ne ya mutu saboda zafin bazara tun ido bai iya ganinsa.

Idan maniyyi ya haɗu da ƙwan saniya, ƙwayoyin gadon ɗan tayin, wato masu ɗauke da halittar da ya gada daga uwa da uba, ba sa fara aiki nan take. Guzurin da uwa ta ƙunsa cikin ƙwai shi yake ci, yana rabuwa gida 2, 4, 8. Sai ya kai ƙwaya 8 zuwa 16, wajen kwana na 3 ko na 4, sannan nasa ƙwayoyin gadon su farka sosai su karɓi ragama.  To, kafin farkawar nan ba shi da cikakken ikon kare kansa daga zafi. Jikin saniya mai lafiya digiri 38 zuwa 39 ne. Idan zafin jikinta ya doshi 41 a kwanakin farko, tayin sai ya tsaya cak.

Lissafin kwana zai nuna maka. Wajen kwana na 16 tayi mai rai ke sakin sinadarin da ke sanar da jikin uwa akwai ciki. Idan ya mutu kafin nan, saniyar za ta sake neman bijimi daidai lokacinta, kwana 18 zuwa 24, kamar ba a yi komai ba. Cutar bakkale, mai sa shanu ɓari, daban ce da wannan, ita ɓarin tsohon ciki take jawowa.

Makon farko bayan barbara, a ɗaure ta a inuwa mai iska, rumfar zana ko gindin maina, ba ƙarƙashin kwano ba. Ruwan sha kada ya yanke, a riƙa jiƙa mata baya da azahar, kiwo da sassafe da bayan la'asar kawai. Bunaji zalla ta fi juriya, jinin Firiziyan ɗin ne ragon.

Ni dai a ganina a jinkirta barbarar zuwa hunturu. Ko an shiga damina ma ba a warke nan da nan, don ƙwai da maniyyin da zafi ya taɓa sukan ɗauki kusan wata 2 kafin masu kyau su maye gurbinsu, kuma wannan ya shafi bijimin naka ma.