Za mu hau Stelvio a keke da yara, ciwon tsauni nake tsoro

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana ya ƙudura cewa a hutun watan Agusta za mu hau mashigin Stelvio na Italiya a kan kekuna, mu da yaranmu biyu, ɗan shekara 14 da 'yar shekara 10. Sun saba da keke, amma tun da na ji labarin ciwon tsauni, wato rashin lafiyar da ƙarancin iska a saman dutse ke jawowa, hankalina bai kwanta ba. Wata ta ce in ba su ƙwayar Diamox kafin mu tashi. In saya, ko in roƙe shi a fasa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki ba yaro Diamox don wata ta faɗa. Maganin likita ne, yana ƙara fitsari, kuma yaron da zai yini yana zufa ba ya bukatar abin da zai ƙara tsotse masa ruwan jiki. Ƙolin Stelvio mita 2,757 ne. Ciwon tsauni yakan soma daga wajen mita 2,500, yana ɗaukar sa'o'i kafin ya bayyana, kuma ya fi kama wanda ya kwana a sama. Ku ba kwana za ku yi ba. Idan yaro ya yi ciwon kai da tashin zuciya, ko ya fara tangaɗi, a sauko da shi, maganin ke nan. Gwangwanayen iskar shaƙa (oxygen) da ake tallatawa kuwa asarar kuɗi ne kawai.

Abin da ya kamata ya tayar miki da hankali shi ne saukowa. Kusan duk wanda ya zo mini da shirin irin wannan tafiya, lissafinsa a ƙoli yake ƙarewa, yana cewa ai dawowa gangara ce, keke ne zai kawo kansa. Na gaji da jin wannan magana. Fabio Casartelli a gangara ya rasu a gasar tseren keke ta Tour de France ta 1995. Haka Wouter Weylandt a gasar Giro ta Italiya ta 2011, haka Gino Mäder a gangaren mashigin Albula na Switzerland a 2023. Ƙwararru ne, sana'arsu ke nan, kuma an rufe musu hanya. Ku kuwa da motoci da babura za ku yi gogayya.

Daga Prato, garin da ke gindin dutsen, zuwa sama kilomita 24 ne, hawan kusan mita 1,800, da kwanonin hanya 48 masu kaifi. Zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi a duk mita 1,000, wato sama ta fi ƙasa sanyi da wajen digiri 12. Yaro ya iso rigarsa sharkaf da zufa, ya daina taka feda, iska tana dukan ƙirjinsa. Jikin yaro ya fi na babba saurin zubar da ɗumi, kuma ba zai faɗa ba, don kada a ce ya kasa. Yatsun da suka sandare su ne za su matse birki har ƙasa, ga hannun ƙarami, ga gajiya.

Sai birkin kansa. Mai tsoro yakan riƙe shi ba saki tun daga sama. In na roba ne, ƙarfen taya yakan yi zafi har tayar ta fashe, in na faifai ne sai ya rage kamawa. Ana matsewa da ƙarfi kafin a shiga kwana, a saki, birki ya sha iska, a sake. Wannan ba a kan Stelvio ake koyonsa ba. Masu ɗora bidiyo a intanet suna nuna yaro yana murmushi a gindin allon ƙoli, ba sa nuna miki yadda ya sauko, su kuma iyaye sai su kwaikwaya.

Ban ce a fasa ba. Amma hawan ya yi wa 'yar shekara 10 yawa, ku fara daga Trafoi, ƙauyen da ke kan hanyar sama da Prato, kuma ku yi alkawari tun a gida cewa duk wanda ya ce ya gaji an juya, ba gori. Ku tashi da sassafe, domin hadari da tsawa sun fi taruwa da yamma a tsaunukan Alps. Kowa ya tafi da busasshiyar riga, rigar tare iska, safar hannu mai rufe yatsu da hular kwano daidai kansa. A kai kekunan wurin mai gyara ya duba birki, ya kuma matso da hannun birkin kusa da yatsun yaran. Akwai rana a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba da ake rufe hanyar ga motoci saboda masu keke, ku duba ko ta dace da hutunku, ko da yake cunkoson kekuna ma sai an kula.

Ki faɗa wa maigida, in ji ni, ya tanadi motar da za ta sauko da ƙaramar. Babban kuma ya sauko tsakanin manya biyu, ana tsayawa bayan 'yan kwanoni a taɓa hannunsa a ji ko ya yi sanyi.