La'adar dillali a cinikin gidan da ke Dubai

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Tawa, ina sarin kaya daga Dubai shekaru da dama. Wani ɗan ƙasarmu da ke dillancin gidaje a can ya nuna mini gida ta bidiyo a WhatsApp, kuɗinsa dirhami 900,000, ya ce la'adarsa kashi 2 cikin 100. Daga baya na ji cewa mai gidan ma zai ba shi wani abu, shi kuwa bai gaya mini ba. Yana so in aika kafin alƙalami, ya ce in na fasa ba za a mayar ba, ragowar kuɗin kuma zai haɗa ni da banki. Ban taɓa taka gidan ba. Wannan ciniki ya halatta?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Alhaji, dillanci sana'a ce ta halal, kuma ba yau aka fara ta ba. Sahabi Ƙaisu ɗan Abu Garaza ya ce a zamanin Annabi (SAW) ana kiran su samasira, wato dillalai, sai Annabi ya kira su da sunan da ya fi kyau, ƴan kasuwa, ya kuma umarce su da su riƙa haɗa cinikinsu da sadaka saboda rantsuwa da yasasshiyar magana da ke shiga ciki. Imam Buhari ya kawo cewa Ibnu Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifi a ladan dillali ba. A mazhabarmu ta Malikiyya aikinsa yana ƙarƙashin babin ji'ala: lada ne a kan kammala aiki, ciniki ya faɗa ya karɓa, bai faɗa ba babu komai. Sharaɗi shi ne a san ladan. Tunda an yanke kuɗin gidan, kashi 2 cikin 100 ya zama dirhami 18,000, kusan sefa miliyan 3, ba duhu a ciki. Kasancewar gidan a wata ƙasa bai canja hukuncin ba. Baƙo ma ya fi ɗan gari bukatar dillali, domin shi ya san unguwannin da doka ta yarje wa baƙi su mallaka, tunda Dubai ta buɗe wannan ƙofa a 2002 ne a wasu yankuna kaɗai.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kuɗin da yake karɓa daga mai gida a ɓoye. A nan sai a tambaya: wane ne shi a wurinka? In mai haɗa mai saye da mai sayarwa ne kawai, kamar dillalan shanu a kasuwa waɗanda kowa ya san suna cin la'ada ta ɓangare biyu, babu laifi, al'ada ta riga ta sanar da kowa. Amma in ka ɗauke shi wakili, ka ce ya nemo maka gida ya yi maka tayi ya rage maka kuɗi, to amintacce ne, kuma wakili ba ya cin moriya daga abokin cinikinka sai da saninka. Dalili a fili yake. Wanda ladansa ke ƙaruwa in kuɗi ya hau, ta yaya zai yi maka ƙoƙarin ragi? Annabi (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, Muslim ne ya ruwaito. Yadda ka ba da labari, ni ina ganin matsayin wakili ka ba shi, domin ka dogara da shi ne a matsayin ɗan gida a ƙasar da ba ka san kan dokarta ba. Don haka ka tambaye shi kai tsaye. In ya faɗa ka yarda, abin ya halatta gare shi. In ya ɓoye, zunubin yana kansa, cinikinka bai ɓaci ba, amma kana da damar janye wakilcin. Haka nan in ya ce maka wani ya taya gidan da fiye da haka alhali ƙarya ce, ya shiga cikin najashi da aka hana, wato zuga farashi.

Sayen abin da ba ka gani ba kuwa, Ibnu Abi Zaid ya warware shi a Risala tun fiye da shekara dubu: ya halatta a sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, kuma gida da fili da itace suna cikin abin da aka yarda a biya kuɗinsa tun kafin a gani, don ba sa saurin canjawa. Bidiyo siffa ce mai kyau, sai dai bidiyo ba ya nuna wa ya mallaki gidan ko akwai bashi a kansa. Wannan sai takardar mallaka daga hukumar filaye ta Dubai, inda ake juya suna ana biyan kashi 4 cikin 100. Ka nemi lambar lasisin dillalin a RERA, hukumar da ke sa ido kan harkar gidaje da dillalansu a Dubai, wadda aka kafa a 2007. Kai da kake zuwa can sari, me zai hana ka leƙa gidan da ƙafarka?

Kafin alƙalamin da ba a mayarwa akwai saɓani. Imam Malik ya hana shi, yana ganin cin dukiyar mutum ne ba tare da musaya ba. Imam Ahmad ya halatta, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta bi wannan ra'ayi a zamanta na Brunei a 1993, da sharaɗin a ƙayyade wa'adin jira. Ni abin da na fi so gare ka, ka nemi a rubuta cewa za a mayar in ciniki bai yiwu ba. In suka ƙi, ba zan ce ka ci haram ba in ka bi ra'ayi na biyu, amma kada kuɗin ya shiga asusun dillali na kansa. Ka kuma bi ƙa'idar fitar da kuɗi ta yankin sefa, ta bankinka, ba ta hannun matafiya ba.

Bashin banki mai ruwa riba ne, babu kwana-kwana. Na san wasu za su kawo maka fatawar malaman Musulunci na Turai ta 1999 da ta yi sassauci kan sayen gida da bashi mai ruwa. Wannan an yi ta ne don Musulmin da ke zaune can, ba shi da muhalli, ba shi da wata hanya. Kai kana da gidanka a Tawa, wannan na neman riba ne, lalura ba ta shafe ka ba. Ko ka biya da kuɗinka, ko ka nemi bankin Musulunci, akwai su a Dubai, ka kawo yarjejeniyar a duba kafin ka sa hannu, don suna kaɗai ba ya wanke ciniki.

Ba ka tambayi zakka ba, amma za ta zo maka. In haya za ka sa, zakka tana kan kuɗin hayar in ya kai nisabi ya shekara, ba a kan gidan ba. In kuwa ka saya ne kana jiran ya yi tsada ka sayar, a Malikiyya zakkar shekara guda za ka fitar ranar da kuɗin ya shigo hannunka. Ka kuma ajiye kwafin takardun a gida da sanin magada da shaidu biyu.

Wallahu a'alam.