Dillalin albasa da yaran WhatsApp

Wani dillalin albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya aiko da tambaya. Ya ce shekara 18 yana wannan sana'a, amma yanzu yara sun shigo, suna ɗaukar hoton buhu su tura wa masu gidajen abinci na Ikeja da Lekki ta WhatsApp, kafin ya ankara an sayar da rabin mota. Ɗansa ya ba shi shawarar ya sayi kwamfuta ya shiga makarantar koyonta. Ko kuɗin ba zai tafi a banza ba?

Alhaji, ajiye maganar kwamfutar nan tukuna, wayar da ke aljihunka ta ishe ka. Yaran nan sun riga ka isa wurin mai saye ne kawai, amma ba su kai ka ido ba. Kai da ka matsa buhu ka san albasar Aliero ce, ka san wadda ta bushe da kyau da wadda za ta tsiro kafin mako.

Ka tuna farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya takardun N200 da N500 da N1,000, kuɗi suka yi wuyar gani. Waɗanda suka kafe sai kuɗi hannu sun zauna suna kallon kaya na lalacewa, masu karɓar taransifa suka kwashe ciniki.

To fara daga karɓar taransifa, domin nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Kada ka saki buhu saboda saƙo ya shigo waya, ko don an nuna maka hoton rasit, ana ƙirƙirarsu. Buɗe manhajar bankinka, ko OPay ko Moniepoint, ka ga kuɗin sun zauna da idonka. Ka koyi wannan da hannunka, kada kullum sai ka kira yaro.

Sai WhatsApp Business, kyauta ne, kuma ba sai ka iya rubutun boko ba, saƙon murya ya wadatar. Kowace safiya ka kwance buhu ɗaya, ka yanka albasa a gaban kyamara, ka faɗi farashin ranar, ka tura wa tsofaffin kwastomominka. Muryarka sun sani, ta yaran nan kuwa sai sun gwada.

Shi ɗan naka, in yana son ilimin kwamfuta, ya nemi shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, mai koyar da fasahar zamani. Kafin nan ka yanka masa ladan mako ya riƙa rubuta maka bashi da ciniki, amma lambar sirrin asusu ko shi kada ka ba.